Ayar da Ke Biye da Ayoyin Azumi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ayar da ake buɗe wa'azin azumi da ita. Tun Sha'aban bai ƙare ba za ka fara jin ta a huɗubar Juma'a da gidajen rediyo: ya ku waɗanda suka yi imani, an wajabta muku azumi kamar yadda aka wajabta wa waɗanda suka gabace ku, ko kwa samu taƙawa. Ita ce aya ta 183 a Suratul Baƙara. Daga ita maganar azumi take miƙewa har aya ta 187, inda aka faɗi lokacin kama baki da na shan ruwa, aka ambaci masu i'itikafi a masallatai, aka ce waɗannan iyakokin Allah ne, kada ku kusance su. Mafi yawanmu a nan muke ɗauka babin ya ƙare.

Sai dai in ka bar mai jan baƙi ya ƙara aya ɗaya, ga abin da za ka ji: kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku ta hanyar ɓarna, kuma kada ku miƙa ta ga mahukunta don ku cinye wani yanki na dukiyar mutane da zunubi, alhali kuna sane. Babu sahur a cikinta, babu buɗa-baki. Amma lura da kalmar da ta ɗaure ta da wadda ta gabace ta. A aya ta 187 an ce ku ci ku sha har alfijir ya keto. A ta 188 an ce kada ku ci. Malaman tafsiri sun tsaya a kan wannan maƙwabtaka, kuma abin da suka gano shi ne, mutumin da aka horar wata guda har ya iya barin abincinsa na halal, shi ake wa magana yanzu ya bar dukiyar da ba tasa ba. Ita kuwa wannan ba ta da lokacin shan ruwa.

Bai kamata wannan ya yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba, domin harshensa ya riga ya yi masa rabin aikin. Dubi yadda muke kiran laifuffukan da ke tsakanin mutum da mutum: cin amana, cin hanci, cin zali, cin mutunci, cin zarafi, cin fuska, cin dunduniya, cin gumin wani, cin dukiyar maraya. Mai gulma ma cewa muke yana cin naman mutane, kuma daga Alƙur'ani muka samo, aya ta 12 a Suratul Hujurat. Kusan duk cutar da ɗan Adam ke yi wa ɗan'uwansa da "ci" muke faɗin ta. Azumi kuwa mun kira shi kama baki. Alaƙar da ke tsakanin cin da muke bari daga asuba zuwa faɗuwar rana da sauran ciye-ciyen nan ita nake so mu warware, don a nan nake ganin darasin watan yake, a nan kuma muka fi tafka asara.

A fara da tambayar da yaro kan yi, babba ya ji nauyin yi: me ruwa ya yi da za a hana mu shi? Halal ne jiya da dare, halal ne anjima da magariba. Tuwon da ke cikin kwano da guminka ka sayi hatsinsa. Amsar tana cikin kalmar da ta rufe aya ta 183, wato taƙawa. Mun saba fassara ta da tsoron Allah, kuma babu kuskure a haka, sai dai tushenta a Larabci kariya ce, ka sa shamaki tsakaninka da abin da zai halaka ka. Malamai suna kawo cewa Sayyidina Umar ya tambayi Ubayyu bn Ka'ab ma'anarta, sai Ubayyu ya ce masa, ka taɓa bin hanya mai ƙaya? Ya ce na taɓa. Ya ce yaya ka yi? Ya ce tattare tufata na yi, na tafi da lura. Ya ce to wannan ce taƙawa. Wanda ya taɓa ratsa gona mai ƙarangiya bayan kaka ba ya neman ƙarin bayani. Abu ne da ƙafa take koya, kuma sai da yawan tafiya.

To da me za a koya wa mutum ƙin bin ransa? Da haram kaɗai aka ce ya bari a watan, da babu sabon abu, tunda dama an hana shi. Kuma haram ba kullum take ƙwanƙwasa ƙofa ba; mutum zai iya wata guda ba wanda ya miƙo masa toshiya. Ƙishirwa kuwa kowace sa'a tana nan. Sai aka ɗauki abin da rai ya fi so, wanda kuma yake da cikakken haƙƙi a kansa, aka ce ajiye shi awa 13 ko 14, kwana 29 ko 30, don Allah ya ce a ajiye. A 'yan shekarun nan da azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, kowa ya ji nauyin wannan umarni a jikinsa. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, watan yana zagaya bazara da hunturu da kaka da damina cikin kimanin shekara 33. Wanda Allah ya ba tsawon rai zai yi shi yana rawar ɗari, zai kuma yi shi yana riƙe da fartanya a tsakiyar noma.

Sannan babu mai gadi. Salla ana ganin ka a sahu, zakka akwai mai karɓa, Hajji unguwa guda ke raka ka. Mai azumi kuwa yana alwalar azahar, maƙogwaro a bushe, ruwa na cikin bakinsa, babu abin da ya raba shi da haɗiyewa sai sanin cewa Allah yana gani. Ya furzar. Gobe ma ya furzar. Ina tuna shekarar da na fara kai azumi, kakata ta gan ni ina kewaya randa da la'asar sakaliya, ba ta tsawata min ba. Cewa ta yi, in ka sha ni ba zan sani ba, amma wanda kake yi dominsa ba ya gyangyaɗi. Daga baya na ji hadisin ƙudusin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Allah yake cewa duk aikin ɗan Adam nasa ne in ban da azumi, shi nawa ne, ni zan yi sakayya a kansa, na gane abin da tsohuwar nan ta faɗa min ke nan da nata harshen.

A nan ne abin mamakin yake. Mutumin da ba zai yarda ɗigon ruwa ya wuce maƙogwaronsa ba ko da ƙofa a kulle, shi ne wani lokaci zai fito ya cinye kuɗin adashi, ko ya riƙe gadon ƙannensa mata shekara goma yana cewa ana kan lissafi. Allahn da ya ji kunyarsa a bakin buta bai canja ba a bakin shago. Abin da ya faru shi ne mun koyi rabin karatu. Saurari tambayoyin da ake aika wa malamai a shirye-shiryen azumi: allura tana karya azumi? Goge baki da makilin fa? Haɗiye miyau, shaƙar turare, maganin ɗigawa a ido? Tambayoyi ne masu kyau, kuma neman sanin hukunci ibada ne. Amma da wuya ka ji wanda ya ce, malam, na wuni ina yanka wani a majalisa, me ya rage min na azumin yau?

Dalilin rabuwar nan shi ne akwai tambayoyi biyu da muke cakuɗawa. Ta farko, azumin ya inganta, ko sai an rama? Wannan aikin fiƙihu ne, kuma a wurin mafi yawan malamai ƙarya da gulma ba sa sa a rama azumi. Ibn Hazm na Andalus ya saɓa musu, shi a wurinsa saɓon da aka yi da gangan yana ɓata azumin ɗungurungum, amma ba wannan ce fatawar da ake bi ba. Ta biyu, an karɓa, an ba da lada? Ita kuma amsarta tana hadisin Abu Huraira a Bukhari: wanda bai bar faɗin ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba ya da buƙatar ya bar abincinsa da abin shansa. Wani hadisin a Ibn Majah ya ce sau da yawa mai azumi ba ya samun komai a azuminsa sai yunwa. Wato mutum zai iya sauke farali a ce masa babu ramuwa, ya isa gaban Allah hannu rabbana. Kuma kada a ce littattafan fiƙihunmu sun yi shiru. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, a cikin babin azumin kansa ta ce ya kamata mai azumi ya tsare harshensa da gaɓoɓinsa. Mu ne muke wuce layin da sauri don mu isa inda ake lissafin kaffara. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa azumi hawa uku a cikin littafinsa Ihya'u: na gama-gari, wato tsare ciki da farji, na keɓaɓɓu, wato tsare ji da gani da harshe da hannu da ƙafa daga saɓo, sai na keɓaɓɓun keɓaɓɓu, wato tsare zuciya daga duk abin da ba Allah ba. Hawa na uku a bar wa masu shi. Na biyun ne abin tambaya ga kowa, don ba ya buƙatar zurfin ilimi, kuma shi hadisin Bukhari yake magana a kai.

Mu shiga kasuwa, tunda dukiya aya ta 188 ta ambata. Kowace shekara da an ga wata sai sukari da gero da wake da man gyaɗa da ƙwai da kayan marmari su ɗaga, a yi ta tsine wa 'yan kasuwa. A yi adalci tukuna. Gida dubu da ba sa dama kunu kullum sun koma damawa, kowa yana neman wake don ƙosai a rana ɗaya, kuɗin mota ya ƙaru. Dole farashi ya motsa. Mai tireda a bakin layi sayowa yake, yadda ya saro haka zai sayar, kuma zaginsa ma cin zali ne. Wanda ake magana a kansa daban yake. Shi ne wanda ya kwashe kaya tun Rajab ya kulle sito, yana jiran ranar da talaka ba shi da zaɓi. Muslim ya ruwaito cewa babu mai ɓoye kaya sai mai laifi. Shi ne mai mudu biyu, na saye da na sayarwa, ko wanda ya doke gindin kwanon awo ya shige ciki, alhali Suratul Muɗaffifin da bone ta fara ga masu tauye awo. Shi ne mai shirya kwandon tumatir, jajaye masu kyau a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Annabi (SAW) ya taɓa cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi (SAW) ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Yi tunanin mai irin wannan ciniki da magariba: ya wuni bai sa komai a baki ba, ya ɗauki dabino ya yi bismilla, alhali kuɗin dabinon daga gindin mudu ya fito.

Ofis ma kasuwa ce ta wannan fuska. Akwai ma'aikacin da zai iso da hantsi ya tashi da azahar, ya ce wa tsohon da ya biya kuɗin mota daga ƙauye don takardar fanshonsa, baba sai bayan salla, ka ga ana azumi. Albashin watan kuwa cif zai karɓa. Akwai wanda ya sauya wa cin hanci suna, a watan nan ya koma "na shan ruwa". Ayar ba ta bar wannan a dunƙule ba, ta ambaci miƙa dukiya ga masu hukunci ƙarara. Musulmin farko ba su san azumi da lokacin ajiye aiki ba. An wajabta shi a shekara ta 2 bayan Hijira, kuma a Ramadan ɗin farko, ranar 17 ga wata, aka gwabza Badar.

Akwai wani abu a tsarin ayoyin da yake ƙara ɗaure wannan magana. A tsakiyarsu, aya ta 186, an bar hukunce-hukunce an ce: idan bayina suka tambaye ka game da ni, to ni makusanci ne, ina amsa kiran mai kira idan ya kira ni. Muna son wannan aya, muna kuma da gaskiya. Amma haɗa ta da hadisin Muslim, inda Annabi (SAW) ya siffanta matafiyin da ya yi doguwar tafiya, kai ba gyara, jiki duk ƙura, yana ɗaga hannu sama yana ya Rabbi ya Rabbi, alhali cinsa haram, shansa haram, suturarsa haram. Ya ce ta yaya za a amsa masa? Ashe ayar addu'a da ayar dukiya hannunsu riƙe yake da juna. Hadisin ya fara da cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Wannan ya shafi mai raba buhunan shinkafa na azumi da kuɗin da aka ware don asibiti ko makaranta, kamar yadda ya shafi mai tsayuwar tahajjud da shaddar da bai biya ba kuma ba ya da niyyar biya.

Daga aljihu sai harshe. Annabi (SAW) ya ce azumi garkuwa ne, idan wani ya zagi mai azumi ko ya neme shi da faɗa, ya ce ni mai azumi ne. Kalma ce ta ajiye makami. Mu kuwa mun juya ta. "Kada ka dame ni, azumi nake" a bakinmu gargaɗi ne, ma'anarsa raina a kusa yake, ka kiyaye. Tsaya a kowace mahaɗar titi minti 30 kafin kiran salla ka ga yadda mai mota da mai adaidaita da mai babur suke ɗura wa juna ashar, kowa yana sauri ya je ya sha ruwan azumin da yake zubar da ladansa a hanya. Gaskiya ne yunwa tana taƙaita haƙuri, jiki ne. Amma ai don haka aka zaɓe ta ta zama filin gwaji. Haƙurin mai ƙoshi a inuwa ba a san nauyinsa ba tukuna.

Hadisin da ya fi tsorata ni a wannan babi na Ubadatu bn Samit ne a Bukhari. Annabi (SAW) ya fito don ya faɗa wa sahabbai wane dare ne Lailatul Ƙadri, sai ya tarar da mutum biyu cikin Musulmi suna sa-in-sa. Ya ce na fito in ba ku labarinsa, wane da wane suka yi jayayya, sai aka ɗauke saninsa, ƙila hakan ya zama alheri gare ku. Musun mutum biyu, a Madina, a zamanin Annabi, ya zama sanadin ɗauke sanin daren da ya fi wata 1,000. Mu da muke da al'adar tafsirin azumi da ba kowace ƙasa ke da irinta ba ya kamata mu yi wa kanmu faɗa da wannan. Tun zamanin da ake kama karatun Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello a Rediyon Kaduna, da na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi, Alƙur'ani yake shiga ɗakin tsohuwar da ba ta taɓa zama gaban malami ba. Ni'ima ce babba. Yau kuma sai ka ga an yi karatun awa 2, an yanko minti 2 da aka taɓa wani a ciki, shi ne zai zagaya wayoyi, mu kwana muna jifan juna a Facebook da WhatsApp har sahur. Yatsan da ya tura wannan guntun ma yana cikin gaɓoɓin da Risala ta ce a tsare.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa azumi horon matsi ne. Ayoyin nan da kansu sun ce Allah sauƙi yake nufi da ku, ba ya nufin tsanani. A farkon wajabta shi, in mutum ya yi barci kafin ya buɗe baki, to ya rasa ci har magaribar gobe. Bukhari ya kawo labarin Ƙais bn Sirma, mutumin Madina da ya wuni yana aiki a gona. Ya dawo ya tambayi matarsa abinci, ta ce babu, amma bari in nemo. Kafin ta dawo barci ya kwashe shi. Washegari rana na take tsaka ya suma. Aka gaya wa Annabi (SAW), sai aya ta 187 ta sauka ta halatta ci da sha har alfijir, sahabbai suka yi murna matuƙa. Sahur ɗin da muke ci yau, sanadinsa wani manomi ne da tukunyar gidansa ta kwana babu komai. A shekara ta 8, a kan hanyar buɗe Makka, da aka ce wa Annabi (SAW) azumi ya galabaitar da mutane, ƙwaryar ruwa ya ɗaga kowa ya gani, ya sha. Saboda haka masu yi wa mai ciwon suga ko gyambon ciki ko mai shayarwa kallon raggo don sun ajiye azumi bisa uzuri, su san cewa cin fuska suke yi da sunan kishin addini.

Sauƙin nan kuwa ya kamata ya shigo cikin gida. Wa yake ɗauke da nauyin azumi a gidajenmu? Matar da tun azahar take tsakanin niƙa da murhu, ga kunun tsamiya, ga ƙosai, ga miya, ga tuwon dare, ta kwanta ƙarshe ta tashi farko don sahur. Maigida ya dawo daga tafsiri ya zauna, abin da ya fara fita bakinsa shi ne gishiri ya yi yawa. Ga 'yar aikin da ita ma azumi take, amma sai kowa ya ƙoshi za a tuna da ita. Ga almajirin da ke jido ruwa da rana tsaka. Anas ya ruwaito wata tafiya cikin zafi da masu azumi suka zube, waɗanda ba su yi ba suka tashi suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi, Annabi (SAW) ya ce yau marasa azumi sun tafi da lada. In haka hidima take a wurin wanda ya sha ruwa, ina ga mai yin ta da bushasshen baki? Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) a gida cikin hidimar iyalinsa yake. Rage kala biyu daga kayan buɗa-baki don uwargida ta samu sallar asham da karatunta, ni a ganina ya fi wasu nafilfilin da muke gasa a kansu.

Maganar kyauta ba sai na daɗe ba, don a nan mutanenmu ba su gaza ba. Kwanukan da ke yawo tsakanin maƙwabta gab da magariba, kunun sadaka a ƙofar gida, tabarmar masallaci da baƙo zai zauna ba a tambaye shi daga ina, duk gado ne mai kyau, kuma Ibn Abbas ya ce Annabi (SAW) ya fi kyauta a Ramadan, har ya fi iskar da aka sako. Abu ɗaya ne sabo da yake ci min rai: a tara mabuƙata a rana, a miƙa musu leda ana ɗaukar hoton fuskarsu. Baƙara ɗin nan dai, aya ta 264, ta ce kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa. An ciyar da cikin mutum an ci mutuncinsa.

Wani zai ce, in azumi yana gyara hali, me ya sa shekara da shekaru muna yi, da an sauko idi kowa ya koma gidan jiya? Tambayar tana da nauyi. Amma ayar cewa ta yi ko kwa samu taƙawa. Hanya aka buɗe, ba a ce duk wanda ya ji yunwa ya isa ba. Ruwan damina ɗaya ne yake sauka a gonar da aka yi wa sharar daji aka shuka da wadda aka bari. Abin da kowace za ta fitar daban. Wanda ya shiga watan da niyyar barin abinci kawai, abinci zai bari, ranar salla kuma ya dawo masa. Wanda ya shiga yana sane da wane "ci" ne nasa, ya ce bana amanar nan ce, ko bakin nan ne, yana da kwana 30 na gwaji a lokacin da kowa a kewayensa yake taimaka masa.

Hausawa sun kasa watan uku: goman marmari, goman wuya, goman ɗokin salla. Sunan na ƙarshen ya tona mana asiri. Su ne kwanakin da Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yakan ɗaure ɗamara, ya raya dare, ya tashi iyalinsa. Mu kuwa a cikinsu hankali yake komawa kanti da shagon tela. Tela ya karɓi ɗinkin da ya san ba zai gama ba yana ta rantsuwa, magidanci ya ci bashin da bai san ta inda zai biya ba don kada a raina shi. A daidai wannan lokacin muke roƙon afuwa da addu'ar da aka koya wa Nana A'isha, Allahumma innaka afuwwun tuhibbul afwa fa'afu anni. Malamai sun yi bayani cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba tana shafe shi, amma haƙƙin mutane sai an mayar ko an nemi yafiya. Hadisin Muslim ya kira wani mutum matsiyaci: zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, sai a yi ta ɗiban ladansa ana biya har ya ƙare. Azumi na cikin abin da aka lissafa za a kwasa. Don haka a goman ƙarshe, kafin a je tahajjud, akwai ƙofofin da ya kamata a ƙwanƙwasa da rana: ta mai bin ka bashi, ta ɗan'uwan da kuka shekara ba gaisuwa, ta marayun da takardar filinsu take akwatinka.

Watan da kansa da awo yake rufewa. Zakkar fid-da-kai, a hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito, an wajabta ta ne don ta tsarkake mai azumi daga yasasshiyar magana da batsa, ta kuma zama abinci ga miskinai. Sa'i guda ne a kan kowane rai a gida, babba da yaro, wato mudun Annabi 4, daga abincin da aka fi ci a garin, gero ko dawa ko masara ko shinkafa. Wannan karon kai ne mai awo, babu mai saye a gabanka da zai ce ƙara. Aya ta 267 a Baƙara ta hana a nufi mummunan a bayar, don haka daga buhun da gidan yake ci za a ɗiba, ba daga wanda ƙwari suka fara ba. Lokacinta kafin a tafi idi ne, kuma Bukhari ya ruwaito cewa sahabbai sukan bayar kwana 1 ko 2 kafin salla. Gara a bi wannan. Geron da ya isa hannun bazawara mai marayu da hantsin ranar salla sai an surfa, an wanke, an kai inji, kuma mai injin ma ya tafi idi.